Nana Asma'u da 'Yan Taru: Tsofaffin Mata, Waƙa da Karantarwa a Daular Sakkwato

A ƙasar Hausa ta ƙarni na 19 ilimin addini yana da sanannun hanyoyi biyu da yake bi ya isa ga jama'a, wato makarantar allo, inda yara suke koyon karatun Alƙur'ani da rubutunsa, da makarantar ilimi, wadda aka fi kira makarantar zaure, inda manya suke zama gaban malami suna bin littattafan tauhidi da fiƙihu da nahawu ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun sun fi karɓar maza, domin yarinya takan ajiye allo da zarar an ɗaura mata aure, abin da a wancan zamani yakan zo da wuri, matar aure kuwa ba ta da halin zama a zauren malamin da ba muharraminta ba. Akwai hanya ta uku da ba a cika ba ta haƙƙinta a littattafan tarihi ba, ita ce wadda Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta tsara a cikin shekarun 1830, aka san ta da sunan 'Yan Taru, wato ƙungiyoyin matan karkara da suke taruwa su yi tafiya zuwa wurinta neman sani. Wannan hanya ba ta buƙaci gini ko kuɗin baitulmali ko takarda mai yawa ba, ta tsayu ne a kan abubuwa biyu da kowane ƙauye ya mallaka tun kafin jihadi, wato tsohuwar da al'ada ta yarje wa fita, da waƙar da ake haddacewa a rera, kuma wannan ne ya sa ta daɗe fiye da daular da aka kafa ta a cikinta.

An haifi Asma'u a shekarar 1793 a Degel, wani ƙaramin mazaunin malamai a ƙasar Gobir, tare da ɗan'uwanta Hassan, domin tagwaye ne, kuma maimakon a sa mata Hassana ko Usaina kamar yadda aka saba, mahaifinta ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, don haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu da ake kira Iya Garka, da Hauwa'u da ake kira Inna Garka, mahaifiyar Muhammadu Bello, a cikin gidan da karatun mata ba baƙon abu ba ne. Ra'ayin Shehu a kan wannan al'amari ya girmi Asma'u da kanta. A cikin shekarun 1780, lokacin da yake yawon wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soke shi a cikin baitoci saboda yana barin mata suna halartar majalisinsa, Shehu kuwa ya umurci ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, wadda Abdullahi ya adana daga baya a littafinsa Tazyinul Waraƙat, kuma gundarinta shi ne cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu neman sani muni. A littafin Nurul Albab kuma Shehu ya zargi malaman da suke karantar da almajirai safe da yamma alhali matansu da 'ya'yansu mata ba su san hukuncin alwala da salla ba. A wannan yanayi Asma'u ta yi karatun Alƙur'ani da Larabci, ta ƙware a Fulatanci, wanda shi ne harshen gidansu, da Hausa, wadda ita ce harshen kasuwa da karkara, ta kuma ji harshen Buzaye.

Tana da kimanin shekara 11 aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, kuma shekarun da suka biyo baya sun zo da yaƙi da yunwa da yawan ƙaura. Jama'ar Shehu sun yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na wannan shekara, suka sha kashi a Tsuntsuwa a ƙarshenta, inda aka ruwaito cewa mahaddatan Alƙur'ani kusan 200 suka rasu, suka bi ta Sabon Gari a Zamfara zuwa Gwandu, kafin a ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A tsakiyar wannan hali aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda ya zama Wazirinsa lokacin da Bello ya zama Sarkin Musulmi bayan rasuwar Shehu a 1817, kuma a hannunsa wani Bature mai suna Kilafatan ya sauka lokacin da ya zo Sakkwato a 1824. Ke nan Asma'u ta kasance 'yar wanda ya kafa daula, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, daga baya kuma uwar Waziri, matsayin da ya ba ta damar ganin takardun mulki da na ilimi da ba kowane malami namiji ne yake ganinsu ba.

Matsalar da ta fuskanta ta taso ne daga nasarar da aka samu. Yaƙe-yaƙen jihadi da waɗanda suka biyo bayansu, har zuwa na Gawakuke a 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda, sun tara mata masu yawa daga Gobir da Kabi da Zamfara a cikin gidajen Sakkwato da Wurno da sauran ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaron iyaka da Bello ya kafa, wasu a matsayin bayi, wasu ƙwaraƙwarai, wasu kuma zawarawan da yaƙi ya raba da mazajensu. Waɗannan mata ba su jin Fulatanci balle Larabci, kuma su ne suke raino da goyo da shayar da yaran da za su gaji daular. Abin da suka sani na neman waraka da kwanciyar rai shi ne bori, wato tsarin hulɗa da iskoki ta hanyar girka da hawa, wanda ake yi da kiɗan goge ko garaya ko ƙwarya, kuma mata ne suka fi riƙo da shi. A Gobir bori yana da shugabar da fada ta amince da ita, wato Inna, wadda ake naɗawa daga cikin 'ya'yan gidan sarauta, tana da fadarta da mabiyanta, tana fita a bainar jama'a da alamomin mulki, kuma sarautar ba ta mutu da faɗuwar Alƙalawa ba, domin Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun tafi da ita Tsibiri, kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ta yau, inda ta ci gaba. Hana bori da doka abu ne mai sauƙin faɗa, amma dogarin sarki ba ya shiga tsakar gidan matan aure, kuma mai jegon da jaririnta yake zazzaɓi cikin dare ba za ta bar abin da ta sani ba sai an ba ta wani a madadinsa.

Dalilin da ya sa aka zaɓi waƙa a matsayin wannan madadi ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san rayuwar cikin gida. Hausawa sun raba waƙa gida biyu. Akwai waƙar baka, wadda makaɗa da mawaƙa suke yi da tambari ko kotso ko kalangu a fada da dandali da wurin biki, cikinsu har da zabiya, wato mawaƙiyar fada mai kirari da guɗa, akwai kuma rubutacciyar waƙa, wadda malami yake tsarawa da ajami, wato rubutun Hausa ko Fulatanci da haruffan Larabci, a bisa ma'aunin waƙar Larabawa da ake kira aruli, tare da amsa-amo, wato sautin da yake maimaituwa a ƙarshen kowane baiti. Malaman jihadi sun tsananta wa kashi na farko, musamman kiɗan fada da na bori, suka yi rangwame ga gangar yaƙi da ta tara jama'a da kiɗan shelar aure, amma kashi na biyu suka mayar da shi babban makamin wa'azi. Asma'u ba makaɗiya ba ce, kuma da an kira ta haka a zamaninta da an ci mutuncinta, sai dai kuskure ne a ɗauka cewa waƙoƙinta abin karantawa ne da ido a cikin shiru. A hannun malami kaɗai suke rubutattu, ga sauran jama'a kuwa abin ji ne, rera su ake yi da murya, kowace da karinta, kuma karin shi ne yake riƙe kalmomin a ƙwaƙwalwar wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, domin idan ta tsallake kalma ko ta sauya ta, ma'aunin yakan karye kunnenta ya faɗa mata. Matan karkara kuwa dama da waƙa suke aiki, akwai ta niƙa, akwai ta daka da lugude, akwai ta daɓe, akwai ta rarrashin yaro, saboda haka baitin da yake koyar da farillan alwala ba ya neman a ware masa lokaci, yana shiga ne gurbin da wata waƙar take ciki tun da.

Ayyukanta da suka tsira sun kai kimanin 60, da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ana iya sanin shekarun yawancinsu saboda ramzi, wato 'yan haruffan da marubuci yake sanyawa a baitin ƙarshe waɗanda idan aka tara ƙimarsu ta lissafi suke bayar da shekarar hijira. Rabon harsunan ba na ganin dama ba ne. Larabci ta keɓe wa malamai, kamar littafinta na farko Tanbihul Gafilin na 1820, da baitocin maraba da ta rubuta wa wani malamin Shingiɗi da ya biyo ta Sakkwato. Fulatanci na dangi ne da jama'ar da suka yi hijira da Shehu, da shi ta yi yawancin marsiyyoyinta, wato waƙoƙin juyayin mamaci. Hausa kuwa ta talakawa ce, kuma ita ce harshen 'Yan Taru. Ta fassara waƙar mahaifinta Tabbat Haƙiƙa daga Fulatanci zuwa Hausa, ƙaninta Isa, autan Shehu wanda aka sani da Isan Kware, ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama mai biyar, kuma Isan ne ya mayar da wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa, cikinsu har da wadda ta ba da labarin hijira da yaƙe-yaƙen Shehu, aka san ta da Waƙar Gewaye. Akwai waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti 30 kacal. Akwai Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta gina a kan wani littafin nasiha na Bello, inda ta fara da matan Annabi da 'ya'yansa, ta bi ta kan waliyyan mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sauko kan matan jama'ar Shehu waɗanda masu sauraro suka sani ko suka ji labarinsu, dabarar da ta nuna wa matar ƙauye cewa waliyyantaka ba ta tsaya a Basra da Bagadaza ba. Ta kuma tattara Tabshirul Ikhwan a 1839, inda ta kawo ayoyi da surorin da ake karantawa don ciwo da naƙuda da tsoro da talauci, wato ainihin buƙatun da suke kai mata wurin 'yan bori.

Tsarin isar da waɗannan waƙoƙi shi ne ya bambanta ta da sauran malaman mata na gidan Shehu, waɗanda ba kaɗan ba ne. A kowane ƙauye ko rukunin ƙauyuka Asma'u takan zaɓi wata dattijuwa mai hankali da riƙon amana ta naɗa ta jaji, sunan da fatake suke kiran ɗaya daga cikin jagororin ayari, ita ce za ta tara matan yankinta ta jagorance su zuwa Sakkwato ko Wurno, gwargwadon inda Asma'u take zaune, ta kuma dawo da su lafiya. Matan da suke wannan tafiya kashi biyu ne kawai, wato waɗanda suka wuce shekarun haihuwa, da 'yan matan da ba a kai ga aurar da su ba, matan aure masu ƙuruciya kuwa suna gida suna jiran abin da za a kawo musu. Ana tafiya ne bayan an gama aikin gona, a ƙafa, ana rera waƙoƙin a hanya, ana ɗauke da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da zare da ƙyalle, wadda Asma'u take rarrabawa ga makafi da guragu da gajiyayyu. Idan sun iso sukan kwana a gidanta, su koyi sabuwar waƙa da bayaninta, su kawo tambayoyinsu na tsarki da idda da gado da zaman kishi, su koma da amsa. Alamar naɗin jaji ita ce malfa, wato faffaɗar hular saƙa da matafiya suke kare rana da ita, wadda Asma'u take naɗa wa jan rawani ta ɗora wa jajin a ka. Malfa kuwa tana cikin kayan sarautar Innar Gobir, don haka matar da ta tashi tana ganin shugabar bori da ita, yanzu sai ta ga malamar ƙauyensu da irinta, kuma ba a buƙatar kowa ya yi mata bayanin abin da hakan yake nufi.

Zaɓen tsofaffi ya fi zurfi fiye da batun kulle kawai, ko da yake shi ma dalili ne, tunda mace takan fita daga takunkumin kulle idan ta manyanta, ta je kasuwa da gidan biki da gidan makoki ba tare da an ɗaga ido an dube ta ba. A al'adar Hausawa da Fulani akwai alkunya tsakanin iyaye da 'ya'yansu, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta kiran sunansa kuma ba ta nuna masa ƙauna a gaban mutane, amma tsakanin kaka da jika babu wannan shamaki, wasa ne a tsakaninsu, kaka tana kiran jikanta namiji mijinta, jikarta mace kishiyarta, kuma a cikin wannan wasa ake faɗin abin da uwa ba za ta iya buɗe baki ta faɗa ba. Wurin kaka ake kai yaro yaye, a ɗakinta yara suke kwana, daga bakinta suke jin tatsuniya da dare. Tsohuwa ce ungozoma mai karɓar haihuwa da yanke cibi, ita ce mai kula da wankan jego, ita ce mai rakiyar amarya da yi mata faɗan zaman aure, ita ce mai wankan gawar mace, ita ce kuma dillaliyar da take shiga gida gida da kayan sayarwa da labari. Duk wata gaɓa ta rayuwar mace, daga haihuwa zuwa likkafani, tana hannun tsofaffi, kuma a waɗannan gaɓoɓi ne al'adun da malaman jihadi suke son gyarawa suka fi kafuwa. Wanda ya karantar da tsohuwa ɗaya ya sami shiga gidaje da yawa waɗanda ko Sarkin Musulmi bai isa ya wuce zaurensu ba, haɗa ta da 'yan mata a tafiya guda kuma yana nufin ana koyar da waɗanda suke da iko a yau tare da waɗanda za su zama iyaye gobe. Wannan, fiye da kyawun baitocinta, shi ne shaidar basirar Asma'u.

Ita kanta ta tsufa a cikin wannan aiki, ta zama irin tsohuwar da take naɗawa, har jama'a suka riƙa kiranta Uwar Gari. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta, wato Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku, kuma marsiyyoyinta sun zama tamkar rajistar waɗanda ta binne: baffanta Abdullahi, da yayanta Bello wanda ya rasu a Wurno a 1837, da 'yar'uwarta Faɗima, da mijinta Giɗaɗo, da aminiyarta A'ishatu. Abin lura a cikinsu shi ne ba ta yabon mamaci da dukiya ko yawan dawaki ko asali kamar yadda makaɗan fada suke yi, halin kirki take lissafawa, kuma da ma'auni ɗaya take auna sarki da talaka. Ta yi wa maƙwabciyarta Halima marsiyya saboda haƙurinta da sasanta dangi, ta yi wa Zaharatu saboda zuwa wurin masu naƙuda da wankan gawa da karantar da mata, ta kuma yi wa jajinta Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai, kuma ta wannan marsiyya ce ake ganin yadda tsarin yake aiki a idon mai shi. Ta fuskar zuriya kuwa, babban ɗanta Abdulƙadir ya gaji mahaifinsa a wazirci, ya riga ta rasuwa, sarautar ta koma ga ɗansa Halilu, don haka a shekarunta na ƙarshe jikanta ne Wazirin Sakkwato. Ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71, aka binne ta a Hubbare kusa da kabarin mahaifinta.

Wasu marubutan zamani sukan zana Asma'u a matsayin mai fafutukar 'yancin mata irin ta wannan ƙarni, amma rubuce-rubucenta ba su goyi bayan wannan hoto gaba ɗaya ba. Ba ta yaƙi kulle ba, ta gina tsarinta ne a kansa; ta yi kira ga mata su nemi sani ko da fita za su yi, ta kuma yi kira gare su su suturta jikinsu su bi mazajensu a cikin abin da shari'a ta yarda. Ta fito daga gidan mulkin da yake riƙe da bayi, ta yi waƙar murna da nasarar Gawakuke, alhali wasu daga cikin matan da ake karantarwa ganimar irin waɗannan yaƙe-yaƙe ne, saboda haka 'Yan Taru aikin tausayi ne kuma aikin kafa daula ne a lokaci guda, ba a iya raba ɗaya da ɗaya. Ilimin da yake isa ƙauye shi ma yana da iyaka, domin haddar farillai da tarihin Annabi da tsoron tsayuwar alƙiyama ce, ba ƙwarewa a littattafai ba, wadda ta ci gaba da zama rabon 'ya'yan gidajen malamai. Bori kuma bai mutu ba. Labarin rayuwar Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 da 1950 aka buga a 1954, cike yake da bori da iskoki a cikin gidajen Musulmi, kusan shekara 90 bayan rasuwar Asma'u. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne ta buɗe wa matan karkarar Sakkwato wata ƙofa ta samun girma da shugabanci ta hanyar sani, a inda can baya bori kaɗai yake bayar da irin wannan matsayi.

Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar. Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ta koma Sakkwato bayan rasuwarsa a 1846, aka san ta da laƙabin Uwar Daje, kuma ta yi tsawon rai har zuwa wajen 1890, tana naɗa jajoji tana kuma ba sarakuna shawara. Bayanta aikin ya koma hannun Ta Modi, wadda ita ma jinin Shehu ce. A watan Maris na 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli, wasu daga cikin mabiyansa suka zarce Sudan inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, wanda ya tsaya ya sasanta da Turawa domin jama'ar da suka rage kuwa shi ne Waziri Buhari, jikan Asma'u ta wajen ɗanta Ahmadu. Sabbin masu mulki sun taɓa haraji da kotuna da sarautu da bauta, amma ba su taɓa 'Yan Taru ba, domin babu abin da za a kama: ba makaranta mai rajista, ba albashi, ba filin da aka mallaka, sai ayarin tsofaffi da 'yan mata da suke zuwa ziyara Hubbare. Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, da cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato a 1939, ta yi haka ne kamar mai fara shuka a saurar da ba a taɓa nomawa ba, alhali a ƙauyukan da suke kewaye da ita jajoji suna nan da malfunansu.

Abin da ya rage ƙarfin tsarin daga baya ba hani ba ne, sauyin zamani ne. Daga shekarun 1970 makarantun Islamiyya na matan aure suka yawaita a biranen Arewa, Jihar Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980, aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Nijeriya, wato FOMWAN, a Minna a 1985, rediyo da kaset kuma suka kai wa'azi har ƙuryar ɗaki. Matar aure mai ƙuruciya da kanta take sanya hijabi ta tafi aji da yamma ko da dare, don haka buƙatar wata tsohuwa ta yi tafiyar kwanaki ta ɗauko mata darasi ta ragu ƙwarai, ko da yake haddar darasi ta hanyar rerawa ta ci gaba a cikin waɗannan azuzuwa. Sunan Asma'u kuwa ya ƙara yaɗuwa, aka sa wa makarantun 'yan mata da ɗakunan kwanan ɗalibai mata a jami'o'i, har wasu Musulmi baƙar fata a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiyar mata da sunan 'Yan Taru suna kiran shugabarsu jaji.

Takardunta sun tsira ne ta hannun zuriyarta. Gidan Waziri ya adana su a cikin gafaka, wato jakar fata ta littattafai, ana kwafe su idan sun tsufa, har suka iso hannun Waziri Junaidu ɗan Buhari, tattaɓa-kunnenta, masanin tarihi da Larabci da Fulatanci, wanda ya riƙe wazirci daga 1948. Shi ne ya buɗe ɗakin karatunsa ga Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Ingila da ta yi shekaru masu yawa tana koyarwa a Sakkwato, wadda ta bi ƙauyuka ta gana da jajojin da suka rage, ta buga tarihin rayuwar Asma'u a 1989. Daga baya ita da Beverly Mack ta Amurka suka tattara ayyukan Asma'u da aka samu, da matanin asali da fassararsu zuwa Turanci, a cikin kundi guda wanda ya fito a 1997, shekarar da Waziri Junaidu ya rasu yana da kimanin shekara 90.